Shekarun da Muka Yi Muna Shinshinar Maganin Feshi, Ni da Yayana

Assalamu alaikum Edita, tare da duk masu karanta wannan shafi. Ina roƙon a ba ni fili, kuma a sakaya sunana, domin duk wanda yake noma tsakanin Karaye da Rogo in ya ji sunan zai gane ni, kuma ba ni kaɗai abin ya shafa ba. A shekarun da zan ba da labarinsu ni ɗan feshi ne, irin waɗanda ake gani da famfo a goye tun da sanyin safiya, wando a naɗe har gwiwa, ƙafa ba takalmi. Ina da ƙarfi a lokacin, ina da baki, ga jin kai kamar ni na ƙirƙiro noma. In mutum ya kawo mini shawara kan aikina, kafin ya rufe baki na mayar da shi abin dariya a gaban jama'a. Yau ga ni ina rubuta wannan takarda, ina yi ina tsayawa ina duban hannuna na dama, ina jiran in ga ko zai motsa ba da izinina ba. Tsoro ne ya sa ni rubutun nan, ba zan ɓoye muku ba.

Aikin ba ni kaɗai nake yi ba, ni da yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya fara, shi ya koya mini. Halinmu kuwa ya sha bamban: shi mutum ne mai sanyi, ba ya son hayaniya, in ana musu sai ya yi murmushi ya kau da kai. Muryarsa kaɗai ce babba, don in ladanin unguwarmu ya yi tafiya shi yake kiran salla, kuma har bayan gari ana jin sa. Da damina ta sauka ba mu da hutu. Yau muna gonar masara a Tudun Kaya, gobe muna fadamar shinkafa, jibi an ɗauke mu a babur zuwa Falgore feshin wake. Maganin ciyawa, maganin ƙwari, na tsutsa, na ruɓar ganye, babu wanda bai ratsa hannunmu ba. Amma ba feshin ne ya yi mana suna ba. Abin da ya yi mana suna hancinmu ne.

Bari in yi bayani don wanda ba manomi ba. Akwai lokacin da jabun magani ya cika kasuwanninmu. Kwalba iri ɗaya, takarda iri ɗaya, launi iri ɗaya, sai ka fesa ka koma bayan sati ka tarar ciyawa ta ƙara kore shar tana yi maka dariya. Manomi ya rasa yadda zai bambance. Yaya ne ya gano cewa na gaske yana da wani wari da yake dukan mutum har ƙeya, jabu kuwa warinsa a bakin hanci yake tsayawa, wani lokaci ma kananzir ne da ruwa da kala. Sai ya buɗe murfi, ya kafa hanci a bakin kwalbar, ya ja numfashi ya rufe ido. In yana shakka sai ya tsoma tsinke ya ɗan taɓa a harshe ya tofar. Bai cika kuskure ba. Na koya a wurinsa har na kusa kamo shi. Kafin ka ce me, ranar kasuwa ta zama ranar aikinmu ta biyu: mu zauna ƙarƙashin wata dalbejiya, manoma su yi layi da kwalabensu, daga Daurarmu ta Karaye har ƙauyukan Rogo. In muka ce jabu ne, a take mai shi zai juya ya mayar wa mai shago. Masu sayar da jabu sun tsane mu, ni kuwa wannan tsanar daɗi take yi mini.

A gona ma ba mu ɗauki maganin a bakin komai ba. In za a haɗa, hannu nake tsomawa har gwiwar hannu in juya. In bakin famfo ya toshe, mu cire mu sa a baki mu hura, ɗacin ya yini a maƙogwaro. Famfon Yaya yana yoyo ta wajen murfi, rigarsa kullum a jiƙe take sharkaf daga kafaɗa zuwa ƙugu, ta bushe a jikinsa ta sake jiƙewa. In mun tashi sai mu tare matan Fulani masu tallan nono mu sha ƙwarya guda-guda, don a wurinmu nono yana wanke duk wata guba. Wani malamin gona ya taɓa tsayar da mu a hanya, ya gaishe mu da ladabi, ya ce don Allah mu riƙa sa safar hannu da takalmin roba mu rufe hanci, mu kuma daina wannan shinshinar da ya ji ana ba da labari. Yaya ya saurare shi. Ni kuwa na tambaye shi ko tiyata ya ga za mu shiga, na ce mutumin da bai taɓa goya famfo a zafin rana ba, wai shi zai koya mana sa safa. Mutanen wurin suka kwashe da dariya, bawan Allah ya hau babur ɗinsa ya tafi. Har yau in na tuna fuskarsa kunya takan kama ni.

Ranar da abin ya fara fitowa fili, ranar kasuwa ce. Wani dattijon Bafulatani da muka daɗe muna yi wa feshi ya kawo kwalbar maganin ciyawa. Yaya ya karɓa ya shinshina, ya daɗe fiye da yadda ya saba, ya sake ja, sannan ya ce mai kyau ne. Ni ina zaune gefensa, kuma daga inda nake warin kananzir ya doke ni. Na yi maza na karɓi kwalbar, na ce bari ƙaramin alƙali ma ya duba, na shinshina na ce jabu ne, na ƙara da cewa a yi wa Yaya uzuri, mura ce ta toshe shi. Aka yi dariya aka wuce wurin. A hanyar komawa gida ina tuƙa babur yana baya, sai ya ce in tsaya. Muka tsaya a gefen wata gonar gyaɗa. Ya ce mini ba mura ba ce. Ya ce ya fi wata shida bai ji ƙamshin komai ba, ko daddawa aka sa a miya sai dai ya gani da ido, turaren da yake shafawa ranar Juma'a ma kamar ruwa yake shafawa. Ya ce yana ganin ya kamata mu bar zaman dalbejiya, shi kuma ya je asibiti a duba shi.

Nan ne na yi abin da ya sa nake wannan rubutu. Na hau shi da faɗa, ni ƙane, shi wa. Na ce wa ya taɓa zuwa asibiti don hanci, mutum da ƙafarsa da hannunsa yana cin tuwo yana ƙoshi? Na ce sunan nan da muka yi shi yake kawo mana gonaki, ranar da aka ji hancinsa ya mutu ranar masu jabu za su yi biki, manoma kuma su koma wurin wasu. Na tsara masa dabara: shi zai ci gaba da karɓar kwalba ya shinshina kamar kullum tunda shi aka fi yarda da shi, sai ya miƙo mini, in na gyara hulata jabu ne, in ban taɓa ta ba mai kyau ne, shi kuma ya yanke hukunci da bakinsa. Ban tsaya nan ba. Na ce ya riƙa ja da ƙarfi sosai, musamman maganin ƙwari mai kaifin nan, wai shi zai buɗe masa hancin. Allah ya gani, da bakina na faɗi haka. Ya daɗe yana kallon gonar gyaɗar, sannan ya ce to, tunda ka ga haka ya fi. Damina uku muka yi a haka, yana shaƙar abin da ba ya ji, ni ina gyara hula.

A damina ta ukun ne matarsa ta tare ni a tsakar gida bayan mun gaisa, ta tambaye ni ko na lura da hannun yayana. Na ce me ya sami hannun. Ta ce in yana zaune bai yin komai, babban yatsansa da manuni sai su riƙa murzar juna kamar mai jan carbi, alhali ba carbi a hannun. Na ce gajiya ce, hannun da yake bugun famfo yini guda dole ya yi rawa. Amma daga ranar na sa ido, kuma abin da na gani ya fi abin da ta faɗa. In yana tafiya hannun dama ba ya lilo, a manne yake da jikinsa. Takunsa ya ƙanƙance, yana jan ƙafa. Murmushin nan nasa ya ɓace, fuskar ta tsaya cak, har mutane suka fara cewa ya koyi shan ƙamshi tunda ya yi suna. Wata rana ya tashi kiran sallar azahar, na kusa da masallaci ma da ƙyar suka ji. Bai sake kira ba daga ranar.

Da na ga ba zan iya cewa gajiya ba ce, sai na samo wata amsar da ta fi yi mini daɗi: na ce sammu ne. Wa zai musa? Kowa ya san masu jabu sun sha cewa sai sun ga bayanmu, kuma ga shi an fara da hanci, abin da muke cutar da su da shi, an gangaro hannu. Dangi suka yarda, har ni kaina na kusa yarda, don in sammu ne ba ni da laifi. Muka shiga yawon neman magani. An ba shi na sha, an ba shi na wanka, an ba shi na hayaƙi ya lulluɓa da bargo yana shaƙar turaren da ba ya jin ƙamshinsa. Kusan shekara biyu muka ɓata. A duk tsawon lokacin nan bai daina goya famfo ba, don na ce zama ne zai ƙara kashe masa jiki. Wani malami dattijo, Allah ya saka masa da alheri, shi ne ya kalle shi da kyau ya ce mana zai yi masa addu'a, amma wannan ciwo na likita ne, mu kai shi Kano kada mu ƙara kwana. Na amsa da to a gabansa, muna fita na ce wa Yaya malamin bai san aikinsa ba.

Abin da ya karya ni ya faru ne wata safiya a gonar masara. Muna feshi, yana kunya ɗaya ina ta kusa da shi. Na kai ƙarshen kunyata na juyo, sai na hango shi tsaye wuri ɗaya, jikinsa ya karkata gaba, ƙafafun sun ƙi ɗagawa kamar an kafe su. Na kira shi, ya buɗe baki amma ban ji me ya ce ba. Kafin in isa nauyin famfon ya rinjaye shi, ya kifa da fuska, murfin ya fita, maganin ya kwararo masa ta wuya da kunne har cikin gemu. Bai ko iya sa hannu ya tare faɗuwar ba. Na ja shi zuwa rijiyar gonar, na tuɓe masa riga ina sheƙa masa ruwa guga bayan guga. Yana zaune a ƙasa tsirara daga ƙugu zuwa sama, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ɗago ya dube ni ya ce a hankali, yanzu dai ka yarda mu je asibitin ko. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Muka je wani babban asibiti a cikin Kano, aka yi ta tura mu daga wannan ɗaki zuwa wancan har muka isa gaban wata likita ta ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ta sa shi ya yi tafiya zuwa ƙofa ya dawo, ta lanƙwasa masa hannu ta miƙe, ta sa ya buɗe yatsu ya rufe da sauri. Sannan ta zauna ta yi masa wata tambaya: ta ce Baba, yaushe rabonka da jin ƙamshi? Ba wanda ya gaya mata zancen hanci. Yaya ya ce ya kai shekara biyar. Ta gyaɗa kai, ta ce wannan ita ce cutar karkarwa da likitoci suke kira Fakinsan, kuma a wurin mutane da yawa hanci ne yake fara tafiya, shekaru kafin hannu ya soma rawa. Ta tambayi sana'arsa. Ya gaya mata feshi, ya gaya mata shinshina da ɗanɗanawa. Ta ajiye biro ta tambaya me ya sa ya ci gaba da shaƙa bayan ya daina ji. Yaya ya juyo ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da kai, ya ce rashin sani ne. Bai ambaci hula ba, har yau bai ambata wa kowa ba.

Likitar ta yi mana bayani da Hausa, a hankali, kuma zan faɗa yadda na riƙe, in na yi kuskure masana su gyara. Ta ce jikin mutum ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai wasu 'yan murahu da suke ƙona abincin da muka ci su ba ta ƙarfi. Ta faɗi sunansu, maitokondiriya, na sa ta rubuta mini a bayan katin asibiti. Ta ce ƙwayoyin da suke cikin ƙwaƙwalwa masu kula da motsin jiki ba sa hutawa, don haka murahunsu kullum a kunne suke, kuma aikin nasu yana barin wani datti mai guba. Allah da ikonsa ya sa wasu sinadarai a cikin murahun nan, ana ce musu enzayim, aikinsu kawai su kama wannan dattin su mayar da shi abin da ba ya cutarwa kafin ya taru, kamar masu kwashe toka. Ta ce masu bincike sun ga wasu magungunan gona suna raunana waɗannan masu kwashe tokar, wasu kuma murhun kansa suke lalatawa. In haka ta daɗe tana faruwa, dattin sai ya yi ta taruwa, ƙwayoyin su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba ciwo ba zazzaɓi, kuma kafin hannu ya fara rawa an riga an yi asarar masu yawa, waɗanda ba sa dawowa.

Ta yi mana adalci, ba ta ce lallai maganin ne ba. Ta ce akwai masu cutar da ba su taɓa riƙe famfo ba, akwai kuma waɗanda suka tsufa suna feshi ba ta same su ba, kuma ba ta da awon da zai nuna mata abin da ya jawo ta Yaya. Sai dai an fi ganinta a cikin waɗanda suka daɗe suna cuɗanya da irin waɗannan magunguna ba kariya. Na tambaye ta nonon da muke sha fa. Ta ce nono abinci ne mai kyau, amma ba ya bin abin da ya shiga ta hanci da fata ya fito da shi. Sai ta ƙara wata magana da ta zauna mini a ƙirji har yau: ta ce ƙarfin masu kwashe tokar nan ba ɗaya ba ne a jikin kowa, wani an haife shi da masu ƙarfi, wani da masu rauni, kuma abin yana iya bin jini. Na ce mata ni ƙanensa ne, ciki ɗaya, kuma aiki ɗaya muke yi. Ta dube ni da kyau ta tambaya ya hancina. Na ce lafiya ƙalau, kuma a ranar gaskiya na faɗa. Ta ce to in gode wa Allah, in daina daga yau.

An ɗora Yaya a kan ƙwayoyin magani, kuma alhamdu lillahi sun taimaka. Yana tafiya masallaci da kansa, yana cin abinci da hannunsa, in maganin yana aiki har hira yake yi. Amma an gaya mana ba warkewa ba ce, sassauci ne, kuma muna gani da idonmu yadda kowace shekara take ɗan ƙara ɗaukar wani abu. Ni kuwa, kada ku ɗauka na dawo daga Kano na shiryu. Na daina hura bakin famfo, na sayi safar hannu, amma ranar kasuwa da manoma suka taru a dalbejiya suna cewa ai ƙanen ma ya iya, sai na kasa cewa a'a. Daɗin a ce kai ne gwani ba ƙaramin abu ba ne. Na ƙara damina guda cur ina shinshina, ina gaya wa kaina kaɗan-kaɗan nake ja. Da labari ya kai wa Yaya ya aika aka kira ni. Ya daɗe yana haɗa maganar saboda muryar, ni kuma na matsa kusa don in ji. Ya ce shi an yi masa uzurin rashin sani, ni wane uzuri zan bayar, ni da aka rubuta wa sunan abin a bayan kati. Daga ranar ban sake zama a gindin bishiyar nan ba.

Sai dai tsoro ya riga ya shiga. Na sami kanumfari na zuba a aljihu, kowace safiya in murza ɗaya in kai hanci. In na ji, in yi hamdala in fita. A sahun salla ido na kan yatsuna maimakon wurin sujada, Allah ya yafe mini. In ina tafiya a hanya sai in tsinci kaina ina duban inuwata, ina duba ko hannayen biyu suna lilo daidai. Maiɗakina ta sha tambayata me ya sa nake buɗe mata tukunya ina leƙawa kamar baƙon da bai yarda da girki ba, in ce yunwa ce. A hankali na fara lura sai na murza kanumfari biyu kafin in ji, daga baya sai na tauna. Na ce mura ce. Da na ji kalmar ta fito daga bakina sai na tuna inda na taɓa faɗinta, da wanda na faɗa a kansa.

Bana, ranar da ruwan farko ya sauka, ina zaune da Yaya a zaurensa bayan la'asar. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta kaɗa, ruwa ya fara dukan busasshiyar ƙasa a ƙofar gida. Duk manomi ya san ƙamshin da yake tashi a wannan lokaci, Yaya kuwa tun muna yara ya fi kowa son sa, har fita yake yi ya tsaya. Ya juyo da ƙyar ya tambaye ni ko ƙamshin ƙasa ya tashi, in gaya masa, tunda shi sai dai labari. Na ja numfashi. Na sake ja har ƙirjina ya cika. Ina ganin ƙasa tana jiƙewa, ina jin sanyin iskar a cikin hancina, amma babu komai a cikinta. Na buɗe baki zan ce ya tashi, don na saba yi masa ƙarya a kan hanci, na kuma saba sa shi ya yi. Sai na kasa. Na ce masa Yaya, ban ji ba. Ruwa yana ta zuba. Can ya ɗora hannunsa mai rawa a kan gwiwata, ina jin karkarwar tana ratsa ƙashina, ya ce gobe in tafi Kano, kuma duk wanda ya ce mini ba a zuwa asibiti don hanci kada in saurare shi.

Na je. Likitar ta gwada ni yadda ta gwada shi, ta ce ba ta ga komai a hannu ko a tafiya ba tukuna. Ta ce yana yiwuwa maganin ne ya ƙona cikin hancin kawai, abin ya tsaya nan, yana kuma yiwuwa farkon wancan ne, kuma babu wanda zai iya gaya mini wanne ne sai lokaci. Ta ce in riƙa zuwa ana dubawa, in riƙa motsa jiki, in nisanci maganin gaba ɗaya. A haka nake zaune yanzu. Na sayar da famfona, ina noma 'yar gonata da fartanya. Kullum in na je gaishe da Yaya ina kallonsa yana fama da maɓallin riga, sai in rasa wanne ya fi ci mini rai, abin da na jawo masa ko abin da wataƙila yake jirana.

Abin da na koya, ban koye shi da arha ba. Na ɗauka guba ita ce wadda take kayar da mutum nan take, in ka sha nono ka tashi lafiya shi ke nan ka tsira. Ban san akwai masu kwashe mini toka a cikin kaina dare da rana ba, ina kashe su da hannuna don a ce mini gwani. 'Yan uwana masu feshi, don girman Allah ku rufe hannu da hanci da ƙafa ko da za a yi muku dariyar da na yi wa malamin gona, ku gyara famfon da yake yoyo, in bakinsa ya toshe ku sa tsinke, ku yi wanka da sabulu kafin ku taɓa abinci. Manoma kuma, in kuna shakkar magani ku gwada shi a ɗan gefen gona ku jira kwana biyu, kada ku miƙa wa ɗan Adam kwalba ku ce ya shinshina muku, don na ji har yanzu akwai masu zama a inda muka tashi. Ba duk wanda ya daina jin ƙamshi ne yake da wannan cuta ba, amma in naka ya ce maka ya daina ji, ka kai shi a duba, kada ka tsara masa dabarar ɓoyewa. Ina roƙon masu karatu su sa yayana a addu'a, ni ma in da hali a haɗa da ni. Kanumfarin yana nan a aljihuna. Yanzu da na zo ƙarshen takardar nan na ajiye biro, na murza guda uku na kai hanci, ban ji komai ba.